Tambayoyinku: Libarbar sojojin da, yanda take aiki da yanda aka yi ta canza mata ciki

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyi sun taru akan libarba, ƙaramar bindigar nan mai ganga mai ramukan harsashi a tsakiya wadda sojoji suka rataya tun wajen 1840 har bayan yaƙin duniya na biyu, dan haka na haɗa su waje ɗaya.

Tambaya: Malam ni mai son kallon finafinan kaboyi ne, abin da ke ɗaure min kai shine yanda gangar nan ke juyawa da kanta kuma ta tsaya daidai saitin bututu, bata wucewa bata gazawa. Inji ne a ciki ko yaya?

Amsa: Ɗan'uwa babu wani inji, ƙarfin babban yatsan mai harbi ne ke yin komai. In ya ja hamar nan ta baya, wato ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi, da fari akwai wata 'yar sakata a ƙasan ganga da ta shige cikin tsagi ta riƙe ta gam, hamar na fara motsi sai sakatar ta janye ƙasa ganga ta samu sakewa. Sai wani siririn ƙarfe da ke maƙale a jikin hamar, maƙera na ce masa hannu, ya taso ta cikin jikin bindigar ya tokari haƙoran da aka fiƙe a bayan ganga ya tura ta. In ramukan harsashi 6 ne to haƙoran ma 6 ne, kowane turi digiri 60. Kafin ganga ta ƙarasa juyi sakatar ta kuɓuce ta dawo sama tana gogar jikinta, tsagi na gaba na isowa sai ta faɗa ciki ƙaras, a daidai lokacin kuma bakin kunama ya faɗa wani ɗan gurbi a ƙasan hamar ya riƙe ta. Bindiga ta ɗanu kenan. Jan kunama aikinsa ɗaya ne, sakin hamar. In ka duba tsofaffin libarba a gidan tarihi zaka ga wani siririn layi ya zagaye ganga, to sawun sakatar nan ne na shekara da shekaru.

Duk wahalar tana wajen daidaita lokacin nan. In hannun ya cinye ko tsagin ya buɗe, ganga zata tsaya a ɗan karkace, harsashi ya fito ya daki gefen bututu ya aske dalma ya watso ta gefe. Dama tsakanin ganga da bututu akwai 'yar ƙofa da bata kai rabin milimita ba, dole a bar ta in ba haka ba ganga bazata juya ba, kuma ta nan wuta ke fesowa duk harbi.

Ita dabarar ganga mai juyawa ta girmi Samuel Colt, Ba'amurken da ya yi suna da ƙera libarba, nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 16 maƙeran Jamus ke yin irinta, amma da hannu ake juya ta, kuma matsalar ita ce kunna wutar, sabida lokacin ƙanƙara ke ƙyasta wuta akan ɗan garin albarushi a buɗe, kaga in ramuka shida ne kowanne na son nasa garin, ga zubewa ga laima ga tartsatsi na tsallakawa. Wani Ba'amurke Elisha Collier ya samu takardar mallakar ƙira a Ingila a 1818 akan libarba mai ƙanƙara, tayi kyau amma tayi tsada. Abin da ya buɗe hanya sinadarin da ke fashewa in an dake shi ne, wanda wani limamin coci a Sukotland Alexander Forsyth ya yi wa rajista a 1807, daga baya a shekarun 1820 aka riƙa zuba shi cikin wata 'yar hular tagulla ƙarama da ake kifawa a bayan rami. Da wannan hular kowane rami ya samu wutarsa a rufe.

Sai Samuel Colt ya zo ya haɗa juyin ganga da kulle ta da jan hamar, ya yi rajista a Ingila 1835, a Amurka kuma 25 ga Fabrairu 1836. Bindigarsa ta farko da aka ƙera a garin Paterson harbi 5 take yi, kunamarta a ɓoye take sai an ɗana take faɗowa, kuma na farkon sai ka cire bututu kafin kayi ɗuri. Sojan Amurka basu wani ɗauke ta da muhimmanci ba, kamfanin ya durƙushe a 1842. Mahayan Teksas ne suka farfaɗo da shi, a 1844 Jack Hays da mutanensa wajen 15 suka yi arangama da mayaƙan ƙabilar Komanci ta 'yan asalin Amurka da suka ninka su yawa, wanda sun saba bature na harbi ɗaya ya tsaya ɗuri sai su afka masa, ranar sai suka ga harbi baya ƙarewa. Ɗaya daga cikin mahayan, Samuel Walker, shi ya zauna da Colt lokacin yaƙin Meksiko suka fitar da Colt Walker a 1847, harbi 6, baki .44 na inci wato kusan milimita 11, nauyinta wajen kilo 2, ba a ƙugu ake rataye ta ba a jikin sirdi ne. Gwamnati ta yi odar 1,000. Ga ƙarfi kam, amma ƙarfen lokacin bai kai albarushin da ake ɗura mata ba, ganguna da yawa sun fashe, sandar ɗurin da ke ƙarƙashin bututu kuma in an yi harbi sai ta faɗo ta shige rami ta hana ganga juyawa, har sojoji ke ɗaure ta da tsinkin fata.

Abin da nake so ka riƙe shine hannu da haƙora da sakata an gama da su tun 1836, libarbar da aka ƙera jiya ma haka cikinta yake. Duk rigimar da ta biyo baya akan ɗuri ce da kuma wa zai ɗana hamar.

Tambaya: Ni tsohon soja ne, a zamaninmu harsashi a kwansonsa yake zuwa. Su na da can yaya suke ɗuri a tsakiyar yaƙi, kuma da gaske ne wai wani lokaci duk ramukan na tashi tare?

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, da gaske ne. Ɗurin ta gaban ganga ake yi ba ta baya ba. Soja zai ja hamar rabi dan ganga ta saki, ya ɗaga bakin bindiga sama, ya auna albarushi ya zuba a rami, ya ɗora dunƙulen dalma wanda da gangan aka yi shi ya ɗan fi ramin girma, ya juyo shi ƙarƙashin sandar ɗuri ya danna da ƙarfi har sai bakin ramin ya aske wani siririn zoben dalma ya faɗo, wannan zoben shine shaidar ramin ya toshe da kyau. Sau shida zai yi haka, sannan ya koma baya ya kifa hulunan nan guda shida ɗaya bayan ɗaya da yatsu masu rawa. A yaƙin basasar Amurka 1861 zuwa 1865 an sauƙaƙa da harsashi na takarda, albarushi da dalma a naɗe tare shida a fakiti, amma duk da haka ba abin da za a yi akan doki yana sukuwa bane. Shi yasa mahaya irin na John Mosby a ɓangaren kudu ke ɗaukar biyu ko fiye, in wannan ta ƙare a zaro waccan.

Tashi tare kuwa yana faruwa in dalmar bata toshe ramin da kyau ba ko hula ta yi sako-sako ko ta faɗi, wutar harbin farko sai ta lasa ramin da ke kusa. A ƙaramar bindiga da sauƙi tunda hannu na baya, amma Colt ya yi doguwar bindiga mai ganga a 1855 wadda dole hannun hagu ya riƙe gaba, kaga nan abin ba kyau, sojoji sun tsane ta. Akwai kuma ɓarɓashin hular da ta fashe da ke faɗawa cikin gidan hamar ya cushe komai, da dattin baƙin albarushi da ke taruwa a sandar da ganga ke juyawa akai har ta ƙi motsi.

Colt Army ta 1860 ita sojan arewa suka fi riƙewa, an ƙera sama da 200,000, amma samanta a buɗe yake, wani ɗan ƙarfe da aka cusa ta gefe ne kawai ke riƙe bututu da jiki. Kamfanin Remington ya sa wa tasa gada ta ƙarfe a saman ganga, jikin ya zama ɗaya dunƙule, kuma wannan ƙirar ce ta ci gaba daga baya har shi kamfanin Colt ya bi.

Harsashi mai kwanso da kuka sani Faransawa ne suka riga kowa kai shi hannun soja. Casimir Lefaucheux ya fito da kwanso mai ɗan tsinke a gefe tun shekarun 1830, hamar ta daki tsinken daga sama, ɗansa Eugène ya yi masa libarba a 1854, sojan ruwan Faransa suka karɓe ta 1858. A Amurka kuwa takarda ɗaya ce ta tsayar da kowa. Wani Rollin White da ya yi aiki a masana'antar Colt ya yi rajistar ganga da aka huda ramukanta gaba da baya a Afrilu 1855, ya kai wa Colt ya ƙi saurarensa, sai Smith & Wesson suka karɓa akan zasu riƙa biyansa santi 25 duk bindiga, da sharaɗin shi zai riƙa kare takardar a kotu da kuɗinsa, wanda ƙararrakin suka cinye kaso mai yawa na abin da ya samu. Su kuma abin da suka fara fitarwa a 1857 'yar mitsitsiya ce mai baki .22 harbi 7, ba ta fagen fama ba. Haka aka yi yaƙin basasa gaba ɗaya yawancin soja na ɗuri ta gaba alhali dabarar na nan a kulle. Takardar ta ƙare 1869, majalisa ta so a sake duba masa ƙarin wa'adi, shugaban Amurka Grant ya hau kujerar naƙi a Janairu 1870.

Tambaya: Malam ni ɗaliba ce ina karanta tarihi. Na ga an rubuta hafsoshin Ingila sun fi son Adams akan Colt a yaƙin Kirimiya da boren Indiya na 1857. Meye bambancinsu?

Amsa: 'Yar'uwa bambancin a yatsa yake. Colt sai an ɗana ta da babban yatsa duk harbi, kunamarta sai ta zama mai laushi, saiti yana kyau daga nesa. Robert Adams na Landan ya fito da tasa a 1851, shekarar da su biyun suka baje kaya a babban baje kolin Landan, ita kuma jan kunama kaɗai ke ɗaga hamar, ya juya ganga, ya kulle, ya saki. Hamar tata ko kunnen da yatsa zai kama bata da shi. Jan yana da tsawo da nauyi, bakin bindiga na rawa, daga nesa Colt ta fi ta. To amma hafsa da aka rutsa da shi taku uku tsakaninsa da mai takobi ina ruwansa da nesa, so yake ya yi ta ja kawai, ga shi harsashin Adams ya fi na Colt Navy mai baki .36 girma, kuma jikinta da bututu ƙarfe ɗaya ne.

Wani laftanar na rundunar injiniyoyi Frederick Beaumont ya raba gardamar a 1855, ya gyara cikin Adams yanda in kana da lokaci ka ɗana da yatsa, in babu ka ja kawai. Sojan Ingila suka karɓi Beaumont-Adams a 1856, ba a jima ba Colt ya rufe masana'antarsa ta Landan. Sojan ƙasan Amurka dai yawanci sun tsaya akan ɗanawa da yatsa har 1892.

Abin dariyar na Rasha ne. Da suka karɓi libarbar Nagant a 1895 sai suka yi ta kala biyu, hafsa a bashi mai ɗana kanta, ƙaramin soja a bashi wadda sai ya ɗana, wai kar ya ɓarnatar da harsashi. Sai bayan juyin juya hali aka koma yin iri ɗaya ga kowa. Ingila kuma a 1938 suka yanke kunnen hamar libarbarsu Enfield sabida yana maƙalewa a cikin tankar yaƙi, suka koma inda Adams ya fara kenan.

Tambaya: Wai me yasa ake cewa mai rami shida biyar ake ɗura mata?

Amsa: Sabida a tsofaffin irin Colt ta 1873 tsinin hamar na iya zama kan gindin harsashi, in bindiga ta faɗi ta daki hamar sai ta tashi, dan haka masu hankali ke barin ramin da ke ƙarƙashin hamar wayam. Daga baya aka sa wani ƙarfe da ke shiga tsakani sai an ja kunama har ƙarshe, kamfanin Iver Johnson ya yi suna da irin wannan a shekarun 1890.

Tambaya: Na ga wata ana karya ta biyu, wata ganga ke fitowa gefe, wata kuma ɗaya-ɗaya ake cire kwanso. Wacce ta fi, kuma me yasa soja suka bar libarba gaba ɗaya?

Amsa: Da kwanso ya zo sai sabuwar matsala ta taso, yaya za a fitar da shi bayan ya kumbura ya manne a rami. Hanyar farko ita ce 'yar ƙofa a gefen dama, ka buɗe, ka juya ganga rami-rami kana tunkuɗo kwanso da sandar da ke ƙarƙashin bututu, sannan ka sa sabo ɗaya-ɗaya. Haka Colt Single Action Army ta 1873 mai baki .45 take. A hankali take amma jikinta dunƙule ne baya lalacewa da wuri. Jamusawa ma sun fi kowa taurin kai, Reichsrevolver tasu ta 1879 ko sandar tunkuɗawa basu sa mata ba, sai soja ya nemi ɗan tsinke daban.

Hanya ta biyu karyawa. Smith & Wesson Model 3 ta 1870, ka buɗe makulli a sama bututu da ganga su rusuna gaba, wani ƙarfe mai kama da tauraro ya taso daga tsakiyar ganga ya watso kwanso shida a tare. Rasha ta gani ta yaba, ta yi odar 20,000 a 1871, ƙarshe ta sayi sama da 100,000. Wani manjo na sojan doki George Schofield ya gyara makullin dan mahayi ya iya buɗewa da hannu ɗaya, sojan Amurka suka sayi wasu daga 1875, sai ga kwamacala, gangar Schofield gajera ce, harsashinta na shiga Colt amma na Colt baya shiga cikinta. Ka ɗauka kana wani sansani a daji an aiko maka akwatunan da basa shiga bindigarka. A ƙarshe sojan suka ajiye Schofield ɗin suka riƙe Colt, duk da Schofield ta fi ta saurin ɗuri nesa. A ganina nan ne mutum zai gane yanda soja ke zaɓe, mai kula da sito ya fi mai dabara ƙarfin murya.

Ingila ce ta riƙe karyawa da gaske. Libarbar Webley ta shiga hannun sojansu a 1887 da baki .455, makullinta mai ƙarfi ne ana danna shi da babban yatsan dama, an yi ta gyara har Mark VI ta 1915 wadda ta sha taɓon ramukan yaƙin duniya na ɗaya. Akwai wata 'yar uwarta Webley-Fosbery ta 1901 da aka zana wa ganga tsagi mai gwame-gwame, ƙarfin harbi ke tura saman bindigar baya ya juya ganga ya ɗana hamar, gwanin ban sha'awa, amma gwamnati bata karɓe ta ba sai hafsoshi da suka saya da kuɗinsu, kuma laka na shiga ta tsaya.

Ta uku ganga mai fitowa gefe, Colt ta kai wa sojan ruwa a 1889, na ƙasa a 1892, Smith & Wesson suka biyo a 1896. Ita ta haɗa biyun, jiki dunƙule ga watso kwanso a tare, in ka tambaye ni ita ta fi kuma ita ta rage har yau. Sai dai harsashin .38 da aka ba ta 1892 ɗin rauni gare shi, a Filifin sojoji suka yi ta ƙorafin suna harbin mayaƙan Moro basa faɗuwa, har aka tono tsofaffin .45 daga sito, aka yi gwaje-gwaje a 1904, ƙarshe aka karɓi fistol ɗin John Browning, ƙaramar bindiga mai ɗura kanta, a 1911.

Abin da ya kashe wa libarba kasuwa albarushi mara hayaƙi ne, wanda Paul Vieille ya haɗa a Faransa 1884. Baƙin albarushi datti gare shi, duk bindiga mai ɗura kanta zata cushe da shi, da mara hayaƙi ya zo sai fistol mai magazin, wato gidan harsashi, ta yiwu, harsashi 7 ko 8 a sa su a tura ɗaya, ga ta siririya a ƙugu. Sojan ƙasan Jamus sun ɗauki fistol ɗin Luger a 1908. Amma libarba bata tafi da wuri ba, a 1917 da Amurka ta shiga yaƙi fistol bata isa ba sai Colt da Smith & Wesson suka ƙera libarba mai cin harsashin fistol ɗin, shi kuma bashi da leɓen da tauraron zai kama, sai aka yi wani ɗan faifan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe uku-uku, biyu su cika ganga. Ingila ta riƙe Enfield mai baki .38 daga 1932 har shekarun 1950 da 1960 kafin wata fistol ta Browning ta maye gurbinta gaba ɗaya.

Tambaya: A fim na ga an ɗaura wa libarba abin rage ƙara. Yana aiki kuwa?

Amsa: Yawanci ƙarya ce ta fim, 'yar ƙofar nan tsakanin ganga da bututu ta nan ƙara ke fita ko me ka ɗaura a baki. Nagant ta Rasha ce ta fita daban, wadda Léon Nagant na birnin Liège a Beljiyam ya ƙera, harbi 7. Ita in an ɗana, bayan ganga ta juya sai a tura ta gaba ta haɗiye gindin bututu, harsashin kuma a nutse yake cikin kwanso mai tsawo, bakin kwanson ya shige bututu, in an harba ya buɗe ya toshe ƙofar. An yi haka ne dan kar ƙarfin albarushi ya zube, daga baya Sobiyet suka yi mata abin rage ƙara a yaƙin duniya na biyu kuma ya yi aiki. Kuɗin da aka biya shine kunama mai nauyin tsiya tunda yatsa ne ke tura gangar ma, ga ɗuri ɗaya-ɗaya ta ƙofar gefe, amma duk da haka an ci gaba da ƙera ta a Rasha har 1945.